Fitilar Alli

Na shiga jami'a da furfura a gemu da maganin hawan jini a aljihu. Ba ƙishin ilimi ne ya kai ni ba. Doka ce ta fito cewa duk malamin da wa'adi ya cika bai da digiri, za a karɓe ajinsa a mai da shi mai kula da sito. Ni kuwa na san sitonmu: karyayyun kujeru ne da tsintsiya, sai ɓerayen da suka girme ni a aiki.

Mu uku muka tafi daga makarantarmu, karatun Asabar da Lahadi. Akawu, wanda ke zama a bakin ofishin Shugaba, ya zaɓi harkar gudanar da mulki, wai ya gaji da buga takardun da bai san dalilinsu ba. Malamin wasanni, da kowa ke kira Mai Usur, ya zaɓi harkar tafiyar da wasanni. Ranar da ya faɗa, ni na fi kowa dariya.

"Digiri a kan ƙwallo? Me za a koya maka, hura iska?"

Ni na ɗauki koyar da kimiyya, ina ganin banza ta faɗi. Abin da na tsufa ina yi ne za a ba ni takarda a kansa.

Haka muka yi ta lallaɓawa har shekarar ƙarshe, lokacin da jami'a ke turo malami ya zauna a ajinka ya ga yadda kake koyarwa. Wadda aka turo mini 'yar siririya ce mai tabarau, sa'ar 'yata ta fari. Na yi mata darasin lantarki. Na zana batir, na zana waya, na zana ƙwan fitila har da haskensa yana fita ta ko'ina. Ba yabon kai ba, yara ba su sa mini Mai Zane a banza ba.

Da aka tashi ta rufe littafinta.

"Baba, zanen nan ya yi kyau."

"Na gode, Malama."

"Amma ko yaro ɗaya bai taɓa waya ba. Kai ka yi magana, kai ka yi tambaya, kai ka amsa. Zan dawo kafin ƙarshen zango. In na sake tarar da fitilar alli, sai dai ka maimaita shekara."

Maimaita shekara kuwa, wa'adi ya wuce ke nan. Na ji warin sito a hancina.

Ba wai ba mu da kayan gwaji ba ne. Suna nan a wani dogon kabad, kowane cikin ledarsa kamar kayan lefe, makulli kuma a aljihun Shugaba. In manyan baƙi za su zo a jera su a kan tebur, a shimfiɗa musu ƙyalle, baƙi na juya baya a mayar. Na je na same shi.

"Ranka ya daɗe, kabad ɗin nan nake roƙo."

"Kayan hukuma? A hannun yara? In suka fasa, kai za ka amsa tambaya ko ni?"

Na koma washegari, na koma jibi. Har ya kai in ya hango ni sai ya ɗauki waya ya kara a kunne, ko da ba ta yi ƙara ba.

Ranar Asabar, a cikin tsohuwar motar Mai Usur wadda sai an tura take tunawa da aikinta, na zazzage musu komai. Akawu ya gyara zama.

"Kai ka ɓata lamarin da roƙo. Abu ɗaya na tsinta a karatun mulkin nan: babba ba ya ƙin shawarar da ya zaci tasa ce. Bar ni da shi."

Ran Litinin, yana miƙa wa Shugaba shayi, ya ce cikin jimami ya ji wai matar jami'ar nan tana rubuta abin da ta gani a kowace makaranta, kuma inda ba ta ga kayan gwaji ba, mutane kan fara tambayar ina suka shiga. Kafin a tashi tara Shugaba ya aiko a kira ni.

"Malam, na lura ba ka amfani da kayan da hukuma ta kawo. Wannan sakaci ne. Ranar da baƙuwar nan za ta zo, ka karɓi makulli da safe."

"Na yi kuskure, ranka ya daɗe," in ji ni, ina kallon ƙasa don kada fuskata ta tona ni.

Saura matsala ta biyu. Ajina cike yake har bakin ƙofa, kayan kuwa ba su wuce na tebur biyar ba. Sai ga ni da yamma a bakin fili, ina neman ilimi wurin mai digirin hura iska. Bai raga mini ba.

"Au, Farfesa ne da kansa? Zo ka gani."

Ƙwallo biyu gare shi, yara fiye da nawa, amma babu wanda ke tsaye. Ya kasa su rukuni-rukuni, kowane da kyaftin, kowane da wurinsa da aikinsa. In ya busa usur sai su zagaya.

"Ka san ciwonka?" in ji shi. "Kai koci ne mai shiga fili ya ƙwace ƙwallo ya ci da kansa. Tsaya a bayan layi. Hannu a baya, baki a rufe."

Ya rataya mini usur a wuya. Na yi ta gwaji a gida, da cokula a madadin waya, har uwar yarana ta ce in dai digiri ne ke sa magidanci busa usur a tsakar gida, gara sito.

Ranar ta zo. Na karɓi makulli, na buɗe kabad, na yage ledar farko. Wayoyi lafiya, ƙwayayen fitila lafiya. Batura kuwa sun kumbura sun yi farin gari, sun mutu a cikin ledarsu tun ban san yaushe ba, ba tare da sun taɓa haska komai ba. Na tsaya ina kallonsu kamar mai ta'aziyya. Ta taga na hango Malamar jami'a tana shigowa ƙofar makaranta.

Alli yana aljihuna. Na taɓa shi, na ce a'a, yau ko ni ko fitilar nan.

Ban taɓa sanin ina iya gudu ba. Na kwashe baturan tocilan ɗin maigadi, na cire na lasifikar Mai Usur, na zare na rediyon ɗakin malamai ana tsakiyar labarai. Tebur huɗu suka samu. Na biyar babu. Na faɗa ofishin Shugaba, shi yana zagayen azuzuwa, na ɗaga kai na ga agogon bango.

Akawu ya bi idona da kallo. "Ni dai ban ga komai ba. Takarda nake bugawa." Ya turo mini kujera da ƙafa.

Na shiga aji ina haki. Na kasa yara, na naɗa kyaftin-kyaftin, na ce ga waya, ga batir, ga ƙwai, ina son haske. Na busa usur. Malama ta ɗago tabarau ta dube ni.

Abin da ya biyo baya ba aji ba ne, kasuwa ce. Gardama, ture-ture, "ba haka ba ne, kawo nan!" Wani tebur suka haɗa wayoyin duka a kai ɗaya na batir. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, bakina ya cika da bayani. Na damƙe hannu a baya har yatsu suka yi ciwo. Abin da na iya cewa kawai: "To, in wuta ta shiga ta nan, ta ina za ta fita?"

Can sai ihu daga kusurwa. "Ta kama! Malam, ta kama!"

Na leƙa. Ɗan haske ne ja-ja, bai kai na zanena kyau ba ko kusa. Na rasa abin da ya shiga mini ido.

Na yi ta busawa suna zagayawa. Ƙwai ɗaya ya faɗi ya fashe. Ina ta jiran ƙararrawa ta katse mu kafin rabin aji su taɓa, amma shiru. Sai daga baya na tuna cewa da agogon ofis ake buga ta. Makaranta gaba ɗaya ta tsaya cik tana jiran batirin da ke tebur na biyar, har yaro na ƙarshe ya kunna fitilarsa.

Malama ta rufe littafi.

"Ka wuce, Baba. Sai dai na rage maka maki, darasinka ya zarce lokaci sosai."

"Laifin agogo ne, Malama."

Tana fita Shugaba na shigowa, agogo a hammata, fuska a murtuke.

"Wa ya taɓa wannan? Ina makullina? Kuma na ji ƙarar fashewa."

"Ƙwai ɗaya ne, ranka ya daɗe, ni zan amsa tambayarsa." Na miƙa masa batirinsa da hannu biyu. "Makulli kuwa, kai da kanka ka ce in daina sakaci. Mako mai zuwa maganaɗisu za mu yi."

Ya buɗe baki, ya dubi Akawu da ke bayansa. Akawu ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ka ce, ranka ya daɗe. Ina wurin."

Na ɗaura makullin a igiyar usur, na zura shi cikin riga.