Buhun Da Aka Bar Wa Ƙwaro

Malam Abdulbaƙi ya same ni a bakin sitona da ke bayan kasuwar Tambuwal, ana sauke mini waken da na sayo daga Kebbe. Malamin kimiyya ne a wata sakandaren 'yan mata ta garinmu, mutumin Sanyinna, kuma na san mahaifinsa tun muna bin kasuwanni a bayan akori-kura. Da muka gama gaisawa sai ya ce aron wake ya zo nema, tiya sittin, da ɗan wuri a cikin sito na wata fuɗu.

Na ce masa, "Malam, an san aron tsani da aron jaki. Wake kuma sai dai a saya ko a roƙa."

Ya yi dariya, ya ba ni bayani. Yana da ƙungiyar kimiyya a makaranta, 'yan mata goma sha biyu, suna zama duk Alhamis bayan an tashi. Shugaban makaranta ya ce shekara uku ke nan ba su ciyo komai ba, in bana ma ba su tsallake gasar shiyya sun je Sakkwato ba, zai karɓe wannan lokacin ya ba masu bitar jarrabawa. Su kuwa yaran suna son nuna cewa ana iya ajiye wake ba tare da an zuba masa maganin kanti ba.

Muka shirya a kan haka: ni da wake da wuri, su da aiki. In an gama, wakena ya dawo hannuna, duron ƙarfen da za su kawo ya zama nawa, abin da ƙwaro ya ci kuma Malam zai cika mini daga gonarsu. Na duba ban ga inda zan faɗi ba, na miƙa masa hannu.

Ranar Alhamis suka zo da shugabarsu, Zulfa, wata doguwar yarinya mai littafi a hammata, ba ta dariya sai da dalili. Suka raba waken gida uku. Kashi ɗaya suka zuba a duro, suka naɗe bakinsa da robar tayar babur don kada iska ta shiga. Na biyu suka sa a leda biyu masu kauri, suka ɗaure kowace daban, suka saka a buhu. Na ukun suka juye shi a buhu zalla, suka jingine a bango.

Na tambayi Malam wannan fa, me za a yi masa. Ya ce, "Alhaji, wanga a bar shi haka nan." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

To ni boko aji uku na yi aka cire ni, amma na yi shekara arba'in ina karanta mutane a kasuwa. Abin da na karanta a nan shi ne, ƙarfin Malam ya ƙare a duro ɗaya da leda biyu, yana jin nauyin ya faɗa a gaban ɗalibansa. Wanda ya san albashin malamin makaranta ba zai ja maganar ba.

Duk mako biyu suna zuwa su ɗebi ƙwaya ɗari daga buhun nan na uku, su baza a faranti, su ƙirga masu huji, Zulfa ta rubuta. Duro da ledar ba a buɗe su sai ƙarshe. Zuwan farko suka samu uku. Na biyu tara. Na uku ashirin da ɗaya. Na ga suna ta murna, na ce a raina yaro yaro ne, abinci na lalacewa yana washe baki.

Ni kuwa abin ya hana ni sakat. Duk wanda ya yi harkar wake ya san ƙarar ƙwaro a cikin buhu, wani ɗan ƙas-ƙas da ba ka jinsa sai sito ya yi shiru. Kullum na buɗe ƙofa sai na ji shi. Wake ne jan Kebbe mai kyau, da hannuna na zaɓe shi. Ga kuma ɗan abokina da zai zo ya cika mini daga gonarsu saboda rashin leda. Sai na ga abu ne mai sauƙi in rufa masa asiri ba tare da ya sani ba.

Wata Juma'a na sa aka kai buhun gida. Mai ɗakina Hauwa'u da maƙwabtanta suka sheƙe shi, suka tsince masu huji, aka shanya shi kwana uku a rana mai zafi. Na cike gurbin abin da aka tsince da wake irinsa, na zuba busasshen barkono a gindin buhun yadda kakanninmu ke yi, na mai da shi inda yake. Daga nan duk makon da ba su zuwa sai in sake shanya shi.

Da suka dawo ƙirga sai suka samu biyu. Suka sake ɗiba, suka samu ɗaya. Murna ta koma ciki. Wata cikinsu, Ruwaida, ta ce ko ƙwarin sun yi hijira ne, ba wanda ya taya ta dariya. Malam ya ce su rubuta abin da suka gani, ba abin da suke so su gani ba. Ni ina gefe ina jan carbi, ina jin daɗin aikina.

Haka aka tafi har saura kwana shida gasa. Ranar suka buɗe duro da leda, wake fes kamar ranar da aka zuba. Suka juye buhu na uku a tabarma don su gwada, shi ma fes, sai ga barkono ya biyo baya. Zulfa ta yi atishawa sau biyu, ta ɗauki guda ɗaya, ta dube ni.

"Baba, wa ya sa wanga?"

Na ce ni ne, na kuma faɗi sauran abin da na yi, ina jiran godiya.

Malam ya zauna a kan buhun gero. Sannan ya ce, cikin ladabi, wannan buhun shi ne shaidarsu. Da gangan aka bar wa ƙwaro shi. In ba a ga yadda wake ke lalacewa in an ƙyale shi ba, da me za a gane duro ya yi wani aiki? Alƙalan gasa za su ce ai waken ne ba ya da ƙwaro tun asali.

Nan take na gane, don ko a kasuwa ba ka sanin tiya ta cika sai ka ga wadda ba ta cika ba. Na ce, "To Malam, mi ya hana ka faɗa mini tun farko?"

Ya ce, "Alhaji, ni zan tsaya in koya maka yadda wake ke yin ƙwaro? Kai da ka girmi babana a sana'ar?"

Shi ya ji nauyina, ni na ji nauyinsa, aikin wata fuɗu ya zube a tsakani.

Na kawo shawara irin tamu. Akwai wani mutumin Fakku da wakensa ya huje a layinmu, ranar kasuwa zan karɓo tiya ashirin a zuba a buhun, lambobin littafi kuma a gyara su. Wa zai sani? Na ga dai Malam yana kallon ƙasa. Zulfa ce ta rufe littafinta ta ce, "Baba, mu mun sani." Ta ce za su je da abin da ya faru, har da barkonon.

Na je wurin gasar, na zauna a baya. Yarinyar ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna zanen da layinsa ya hau har ashirin da ɗaya sannan ya faɗo, ta ce a nan ne mai sito ya ji tausayin wake. Mutane suka yi dariya, wasu suka waiwayo. Alƙalan sun yaba mata, amma suka ce gwajin bai kammala ba. Yaran wata makaranta daga Kebbe, da suka haɗa abin tace ruwan rijiya da yashi da gawayi, su aka zaɓa zuwa Sakkwato.

Washegari na sa babbar riga na je wurin shugaban makarantar, na gaya masa laifin nawa ne. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce magana ya riga ya yi ta a gaban malamai, ba ya iya janye ta. Aka ba masu bitar jarrabawa ranar Alhamis.

In za a faɗi gaskiya, ni na ci riba. Wakena tiya sittin ya dawo ba huji, na samu duro, na kuma ga da idona abin da rufe iska ke yi, yanzu duro tara gare ni a sito, ban ƙara sayen maganin kanti ba. Yaran Kebbe sun ga Sakkwato. Waɗanda suka yi asara su ne Malam Abdulbaƙi da 'yan matansa goma sha biyu, da suka rasa ƙungiyarsu. Zulfa ta gama makaranta a shekarar, in ta wuce ta bakin sito tana gaishe ni, ba ta taɓa tayar da maganar ba.