Tudun Mata Ya Yi Ƙaura

Tun da muka bar tashar jiragen ruwa idona ke kan ruwan. Ranar uku ga watan uku ce, ranar da teku ke janyewa sosai, matan tsibirinmu na Miyako su fita su taka farin yashi ba takalmi, don ya kwashe musu cutar shekara. Mahaifiyata, Anna kamar yadda muke kiran uwa a nan, ba ta taɓa fashi ba. Jibi za a kai ta babban asibiti a yi mata aiki a ciki, likita kuma bai yi mana alkawarin komai ba.

Ni aikina auna yashin ƙarƙashin teku ne. Ina bin ruwa marar zurfi da na'ura, ina zana taswirar inda garin murjani da ɓawon ƙananan halittu ke taruwa. Shi ya sa na san abin da ita ba ta sani ba: guguwar bara ta kwashe Tudun Mata, wurin da take zuwa tun tana yarinya, ta mayar da shi arewa.

"Anna, tudun ya tashi daga can," na faɗa mata a karo na ban san nawa ba. "Ni na auna shi da hannuna."

"Ya tashi? Ƙafa gare shi?" Ta juya wajen ƙanena Seiei, wanda ke tuƙin jirgin. "Kai, daidaita hasumiyar fitilar jirage da bakin dutsen nan, ka miƙe. Rabu da sarkin awo."

Seiei ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. "Yaya, ni direba ne kawai. Ku daidaita tsakaninku."

Matsoraci! Tun yana yaro haka yake.

Muka isa inda hasumiya da dutse suka haɗu. Babu komai sai ruwa shuɗi, ƙasansa dutse tsirara. Anna ta ce a ɗan matsa gabas. Muka matsa. Ta ce a koma baya. Muka koma. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, ina ta kai da komo cikin jirgin da bai fi tabarma uku ba. Can nesa kawunan murjanin da suka fito ɗazu sun fara nutsewa. Ruwa na dawowa.

"Anna, don Allah!" Muryata ta fi yadda na so ƙarfi. "Taurin kanki zai sa ki rasa shi gaba ɗaya!"

Ta juya tana kallon ruwan. Fushina ya tsinke, tsoro ya maye wurinsa, domin a lokacin na ga yadda wuyanta ya rame. Da kyar ta ce, "To, kai mu wurin naki."

Seiei ya murɗa inji har jirgin na karkarwa. Na durƙusa gaban na'ura ina ba shi hanya, dama kaɗan, miƙe, rage. Ruwan ya sauya daga shuɗi zuwa kore, daga kore zuwa fari-fari. Ga tudun nan daidai inda taswirata ta ce, shimfiɗe kamar zanen gado. Sai dai mun makara. Na zura sandar awo, ruwa ya kai ƙirjin mutum, kuma yana gudu.

Anna ta riga ta cire takalmanta. Ta kama gefen jirgi tana ƙoƙarin ɗaga ƙafa.

"Wallahi ba za ki shiga ba," in ji Seiei, ya riƙe ta. "Ruwan nan ni ma sai ya tafi da ni."

Ba ta yi gardama ba. Ta zauna, ƙafafunta tsirara a kan katako.

Sai idona ya faɗa kan ƙarfen da nake ɗebo samfurin yashi da shi, mai muƙamuƙi biyu da doguwar igiya. Na jefa shi. Ya sauka, ya ciji ƙasa, na jawo. Na buɗe bakinsa a gabanta, yashi fari jiƙaƙƙe ya zube. Na sake jefawa, na sake, har igiyar ta ɗaye min tafin hannu.

Seiei ya tallafe ta ta miƙe. Ta ɗora ƙafar dama, ta ɗora ta hagu, ta nutsa yatsunta a ciki tana murzawa a hankali.

"Shi ne," ta ce. "Kaushinsa ne. Ke kuma me kike jira? Cire takalman nan naki masu kama da na soja."

Na cire, na tsaya kusa da ita. Yashin da ɗumi, abin da na'urata ba ta taɓa gaya min ba.

Ta dafa kafaɗata, ta duba hasumiya, ta duba dutsen, ba su haɗu ba ko kaɗan.

"Chiemi," ta ce, "baɗi ki kawo 'yarki nan. Ke kika san hanya yanzu."