Zakin Kwalin Ashana

"Kwalin ashana?" na ce. "Sekuru, ashanar da ake kunna wuta da ita?"

"Ki rage murya, Nyarai. Bangon nan takarda ne, tsohuwar matar tawa kuma kunnenta ya fi na zomo."

Sekuru Matambo maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni. Bango ɗaya ya raba ɗakinsu da namu a layinmu na Rimuka, cikin Kadoma. Ranar yana kwance da bargo biyu da tsakar rana, an sallamo shi daga asibiti irin sallamar da ba a cewa a dawo. Ni ya aika a kira saboda ya ji an ce na gama jami'a, ba aiki, sai cin littattafai da latsa waya.

A wurinmu ba a gaida babba da sunan yanka, da kan gidansa ake gaishe shi, dabbar nan da danginsa suka gada, wadda ba sa ci. Shi kuwa duk layin Zaki ake ce masa. "An tashi lafiya, Zaki?" Sai ya amsa daga can cikin ƙirji. Har tafiyarsa ta zaki ce, a hankali, kafaɗa na gaba da ƙafa.

"Ubana lebura ne a gonar Bature," ya ce. "Ina rarrafe ya mutu. Uwata ta bi shi kafin in yi wayon tambaya. Na taso a hannun mutane. Ranar da na tare Maman Garikai, matar nan tawa, a bakin famfo, kin san tambayar da 'yan mata ke fara yi. Ta ce, mene ne kan gidanku? In ce ban sani ba? Yarinya kamar wannan? Na duba hannuna, ga kwalin ashana da hoton zaki a kwance. Na ce Zaki." Ya yi tari. "Da kwalin sabulu ne a hannuna, da yanzu Fure kuke kirana."

Dariya ta taso mini, hawaye suka riga ta. Ni dai an yi ni da son labarin soyayya, kuma ban taɓa karanta wanda ya kai wannan ba.

"Kuka bai yi ba tukuna, aiki na kira ki," ya ce. "Ranar da za a sa ni a rami, dole wani ya durƙusa ya tafa hannu, ya kira kakannina da kirarinsu, ya ce ga ɗanku nan, ku karɓe shi. To in aka kira zakuna fa? Su fito su shinshina ni su ce wane ne wannan? Na gama zaman haya a duniya, ba na son in je can ma in tsaya a bakin ƙofa. Ki nemo mini mutanena."

Abin da ya sani kaɗan ne: sunan ubansa Dzapasi, kuma daga wajen Mhondoro ya fito.

Na shiga aikin kamar wadda aka ba sarauta. Na riga na gama tsara komai a raina: Dzapasi ɗan sarki ne da aka yi wa ƙwacen gado, ko jarumin da ya mari Bature ya gudu. Na rubuta roƙo a zaurukan masu neman asali na waya. Wani ya ce shi ma kakansa Dzapasi ne, amma daga Zambiya. Wata ta yi mini wa'azi. Wani daga ƙetare ya ce a tura yawun tsohon a kwalba, za a auna a faɗi asalinsa.

"Yawuna ya hau jirgi, ni ban taɓa hawa ba?" in ji Sekuru. "Ki shiga mota ki je ki tambayi mutane masu baki."

Ya haɗa ni da Jokonya, abokin wasansa. Kowane gida na da irinsa: shi ne mai lasisin zaginka a gaban surukanka, shi ne kuma zai wanke gawarka. Jokonya tsoho ne siriri mai hula ja, tun da muka shiga bas bakinsa bai rufu ba.

"Ni na daɗe da sani," ya ce. "Zakin da ke hawa kujera in ya ga ɓera?"

Muka bi ƙauyukan Mhondoro gida gida. A kowane gida sai an zauna, an tafa hannu, an tambayi ruwan sama da lafiyar shanu, sannan a ce ba a san shi ba amma a gwada gidan gaba. Da yamma ta kusa aka nuna mana wata bukka a gindin dutse. Wata tsohuwa na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa har ta koma ƙarama. Sunanta Tete Munhamo. Na nuna mata hoton Sekuru a waya. Ta kai shi dab da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Wa ya ba wannan kunnuwan yayana?"

Na durƙusa na kama hannunta. "Tete, Dzapasi yayanki ne? Me ya raba shi da gida? Yaƙi?"

"Wane yaƙi? Barci. An ba shi kiwo ya kwanta a inuwa, shanu suka cinye gonar mai gari tas. Da ya farka ya ga aikin, bai ko dawo ɗaukar bargonsa ba."

Jokonya ya ce, "Jininsa ne, ba tambaya."

Na haɗiye jarumina na tambayi abin da ya kawo mu. Tete ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta haɗa tafin hannu ta fara tafawa a hankali.

"Kifi, na cikin tafki mai zurfi. Masu kwana a ruwa ba su ji sanyi ba. Waɗanda fari bai kora ba. An gode, masu gida a ƙarƙashin kada."

Ban bari ta kai ƙarshe ba, bakina ya ƙarasa da kansa. Na san kirarin nan kamar sunana. Kullum da yamma ina jin sa ta bango, in Sekuru ya gama cin tuwo ya tafa hannu yana gode wa matarsa da kirarin gidan ubanta, yadda kowane miji na kirki ke yi. Maman Garikai Kifi ce. Kuma ba wani reshe daban ba, kirarin ɗaya ne har wutsiya.

Jokonya ya dube ni, na dube shi. Sai ya sulale daga kan kujera ya kwanta a ƙasa yana shure-shure.

"Ƙanwarsa ya aura. Wayyo cikina. Shekara da shekaru yana yi wa kansa kirari a kan tuwo."

Tete ba ta yi dariya ba. Ta ce Kifi ba ya auren Kifi sai an yanka zumunci da farar saniya, kuma kafin aure ake yi, ba bayan jikoki ba.

Na koma na gaya wa Sekuru. Sai ya sa yatsa a baki ya shafa dasashinsa, inda ko haƙori ɗaya bai rage ba.

"Ashe shi ya sa," ya ce. Kowa ya san wanda ya ci kan gidansa haƙoransa zubewa suke. Matarsa ba ta taɓa yarda kifi ya shiga tukunyarta ba, shi kuwa duk ƙarshen wata sai ya ci soyayye a gidan giya, ya wanke baki da lemun tsami kafin ya shigo.

Muna cikin haka ta turo ƙofa da kwanon kunu. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, shugabar matan coci masu jan ɗankwali. Ta tallafo kansa ta ba shi ya sha. Ya ɗaga hannu zai tafa, sai hannuwan suka tsaya a sama.

"Yau ba godiya?" ta ce.

"Zauna, Maman Garikai."

Na tashi zan fita, ya riƙe bakin zanena. A gabana ya faɗa mata, tun daga bakin famfo har gindin dutse. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ɗauki kwanon ta fita, muka ji tana sharar tsakar gidan da ta riga ta share da safe.

Daga ranar ta sake masa suna. "Yaya, ga maganinka." "Yaya, juya in gyara shimfiɗa." Ba ta fasa komai na jinya ba, amma ko sau ɗaya ba ta yi murmushi ba. Ni kuwa ina bayan bango ina cizon yatsa, ina cewa da na bar tsohon ya tafi da zakinsa.

Wata safiya ina taya ta matse wanki a bakin taga, na ji ya kira ta.

"Na bar miki zaɓi," ya ce. "In aka kira ni Kifi a bakin kabari, duk Rimuka za ta ji. Matan cocinki za su ci namanki ɗanye, ni kuma ba na nan balle in tare miki. In kin ce Zaki, ba zan yi fushi ba. Na saba tsayuwa a waje."

"Ka gama?"

"Na gama."

"To miƙo ƙafar, ta yi sanyi."

Tana cikin shafa masa mai a ƙafa, rediyo na faɗin farashin auduga, ya tafi. Ta ci gaba da shafawa har ta gama ɗayar ƙafar, sannan ta rufe kwalbar ta ce in kira Jokonya.

Aka fitar da kujeru waje, aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, mata suka cika ɗaki da waƙa, maza suka kewaye wuta. Jokonya ya yi aikinsa. Ya sa kwat ɗin mamacin da hularsa, ya riƙa zagaya tsakar gida kafaɗa na gaba da ƙafa, yana gurnani, in ya ga ɗan kyanwa sai ya haye kujera. Mata suna kuka suna dariya har suna riƙe juna. Amma maganar kifi bai furta ba, ko da wasa, kuma a sanina wannan ne karo na farko da ya riƙe bakinsa.

Garikai, babban ɗansu, ya iso daga Johannesburg da ƙatuwar mota, an zana zaki mai buɗaɗɗen baki a ƙofarta. Ni na je na ɗauko Tete Munhamo. A gefe aka ja shi aka gaya masa a gaban uwarsa, ina riƙe da hannun Tete.

"Mama, motoci nawa gare ni, duk da zaki a jiki," ya ce. "'Ya'yana a makaranta Zaki ake ce musu. Yanzu in koma in ce musu mu kifi ne? A bar maganar nan a cikin gida. Wa zai sani?"

"Su za su sani," in ji Tete, ta nuna ƙasa da sandarta.

"Mama, ki yi magana mana."

Ta gyara ɗaurin baƙin ɗankwalinta ta ce a tafi, rana na yi.

A maƙabarta fasto ya yi nasa ya ja baya. Aka sauke akwatin. Lokacin kira ya yi. Garikai ya matso ta dama yana naɗe ƙafar wando zai durƙusa, Tete ta matso ta hagu tana dogara sanda. Suka tsaya suna kallon juna ta saman ramin. Mutane suka fara raɗa, wace ce wannan tsohuwar? Matan coci sun jeru a bayan shugabarsu, jajayen ɗankwalaye kamar barkono a faifai. Na ga Jokonya a gefena ya cire hula yana murɗa ta.

Maman Garikai ta tako har bakin ramin. Ta leƙa akwatin, ta daɗe, kamar yadda take leƙa tukunya ta ga ko ta nuna.

"Tun ina yarinya aka gaya mini mace baƙuwa ce a gidan miji," ta ce, ba ta ɗaga murya ba amma kowa ya ji. "In ta mutu wurin nata kakannin take komawa, shi ya tafi wurin nasa. Tun da mutumin nan ya kwanta nake tunanin yadda zai yi shi kaɗai a cikin zakuna, mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba. Ashe maƙaryacin ɗan gidanmu ne."

Wata daga cikin matan coci ta ce, "Ɗan gidanku kamar yaya?"

Ba ta ko waiwaya ba.

"Garikai, ja baya, za ka ɓata wandonka. Tete, durƙusa. Ki kira shi Kifi, da ƙarfi, yadda na baya za su ji su samu na kaiwa gida. Ki ce musu su zaunar da shi kusa da babana, kada su bar shi ya yi yawo. Ina nan tafe."