Jan Murfin Nurhan

A ajin Abla Suhair, wato Malama Suhair, ba a ɗaga hannu. Tun farkon shekara ta sa kowace yarinya ta kawo murfin kwalbar lemo ta rubuta sunanta a ciki, aka zuba su a wata jakar yadi. Duk wadda za ta fita gaban allo jakar ce ke zaɓenta: a girgiza, malama ta zura hannu ta ciro, a karanta suna, in an gama a mayar da murfin. Wai adalci ke nan, kada a ce Abla tana da 'yan lele.

Nurhan jan murfi ta kawo, mai lotsawa a gefe, daga shagon babanta da ke matse rake kusa da tashar jirgin ƙasa ta Suhaj, a ƙasar Masar. Ga shi har an fara saran rake a gonaki, jan murfin nan bai taɓa leƙo duniya ba.

Yarinyar tana da i'ina. Kalma takan maƙale mata a baki, sai ta yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Shi ya sa ta fi kowa shiri. Kullum da yamma sai ta hau rufin gida, ta zana siffofi da gawayi, ta tara tantabarun kakarta tana ba su darasi. Wannan da'ira, ga tsakiyarta, ga kewayenta. Wannan alwatika, gefe uku, kusurwa uku. Murabba'i kuwa gefe huɗu, duk tsawonsu ɗaya. Tantabaru ɗalibai ne masu haƙuri, ba sa dariya, kuma ba sa ƙarasa wa mutum maganarsa. Ba ta da burin da ya wuce ta faɗi kalmomin nan a gaban mutane, ko sau ɗaya ne.

Ran nan a lokacin hutu suna cin burodi da wake, ta tambayi ƙawarta Basant sau nawa ta fita.

"Oho, ni har na gaji," in ji Basant. "Ke da Allah ya hutar, me kike nema? Wallahi da ana sayarwa da na sayi sa'arki."

"Ba... ba sa'a ba ce."

"To mene ne? Aljani ne a jakar ya danne miki murfi? Ke dai ci wakenki, kin cika zargi kamar kakata."

Nurhan ta ci gaba da cin wakenta. Ta san zato zunubi ne. Abla da bakinta ta koya musu cewa jaka ba ta da tunani, ba ta san wadda ta fita jiya ba, don haka wata za ta iya fitowa sau uku a jere wata kuma ta daɗe tana jira. Lissafin ya hau daidai. Amma me ya sa in Abla tana zagaye aji da ido, sai ta zo kanta ta yi wani murmushi mai laushi ta wuce da sauri? Me ya sa ranar da jakar ta faɗi murafu suka watse, Abla ta daka musu tsawa kada wadda ta taɓa, ta durƙusa da kanta ta tsince, ita da kullum ke kukan gwiwa? Nurhan ta baza ido a ranar. Ta ga jajaye, amma ba ta ga mai lotsawa ba. Ƙila yana ƙarƙashin tebur. Ƙila kuma ba ya nan. Ruwa dai ba ya tsami banza, abin ya tsaya mata a rai har abinci ya daina yi mata daɗi.

Sai aka zo darasin yiwuwa. Abla ta rubuta kalmomi uku a allo: tabbatacce, mai yiwuwa, da mustahili, wato abin da ba zai taɓa faruwa ba. Fitowar rana gobe tabbatacce ne, da izinin Allah. Ruwan sama a Suhaj mai yiwuwa ne, ko da yake sai an daɗe, aji ya yi dariya.

"Saura mustahili," in ji Abla, ta kai hannu ga jakar. "Bari mu ga wa za ta ba mu misali."

Nurhan ta miƙe. Ba wanda ya kira ta.

"Zauna 'yata, ai ba a ciro ba tukuna."

"Ina da mi... mi... misali, Abla."

Wata ta ƙyalƙyale daga baya. Basant ta ja mata riga. "Ke, kin haukace? Zauna mana!"

"Mus... mustahili shi ne... su... su... sunana ya fito daga jakar nan." Ta nuna jakar da yatsa. "In kuma mai yiwuwa ne, a ju... juye mu gani."

Nurhan ta ji tsoro ya kama ta, don in aka juye jan murfin ya gangaro, ta tozarta malamarta a banza, kuma ba ta san inda za ta kai fuskarta ba.

Abla Suhair ba ta juye jakar ba. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta buɗe jakar hannunta, ta lalubo can ƙasa tsakanin makullai da kwalbar magani. Abin da ta ciro jan murfi ne, mai lotsawa a gefe.

"Gudun kada su yi miki dariya na yi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Sun... sun riga sun yi, Abla. Ban mutu ba."

Malamar ta ɗaga murfin kowa ya gani, ta jefa shi cikin 'yan'uwansa. Ta girgiza jakar sosai, ta kawar da kai, ta zura hannu. Zuciyar Nurhan ta shiga dukan uku-uku, bakinta ya bushe. Ashe haka sauran suke ji kullum.

"Basant," Abla ta karanta.

"Wayyo ni, ni kuma?" Basant ta tashi tana gunaguni. Ta waiwaya don ta ba ƙawarta haƙuri, sai ta tarar da ita tana murmushi har kunne.

"Ke kuma murnar me kike yi, ai ba ke aka ciro ba."

"Saura ka... kaɗan ya zama ni," in ji Nurhan.