Yatsu Uku na Sailuba

Cikin Sailuba yana wata shida yatsunta suka fara mutuwa. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya, na hannun dama. Bayan mako biyu na hagu ma suka bi. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Kullum da asuba sai ta tashi ta ji hannuwan sun yi nauyi kamar na aro, ta zagaya bayan ɗaki ta yi ta yarfe su kafin ta iya ɗaukar buta. In sun farfaɗo sai zugi ya biyo baya, kamar ana tsira mata allurai daga wuyan hannu zuwa farce.

Ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta Mustapha. Cikin fari ne, ba a zancensa a gida, balle a yi rakinsa. Ga kuma abin da ba ta so ko tunawa. Mahaifinta Malam Aƙilu, mai rubuta littattafai da tawada, haka ya fara: alƙalami ya riƙa suɓuce masa. Wata uku bayan nan ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara huɗu a kwance ana juya shi. In ta dubi hannuwanta sai ta ga kanta a tabarma, ɗanta yana kuka a gefe, tana jiran wani ya zo ya ɗauka mata shi.

Tana aikin buga takardu a wani ofishi a Tudun Wada, kuma kaf ofishin ba mai saurinta a kan tafireta. Yanzu sai ta danna harafi ba ta ji ta danna ba. Takardar da take bugawa sau ɗaya ta koma sau uku. Surukarta Hajiya Rabi, wadda suke zaune a gidanta a Limancin Kona, ta sha ce mata ta ajiye aikin nan ta huta. Amsarta ɗaya ce: "Lafiyata lau, Hajiya." Ta san ranar da ta ce hannu, ranar za a kira wanzami ya kafa mata ƙaho, aiki kuma ya ƙare.

Ana haka Maimuna, ƙanwar Mustapha, ta zo gida haihuwar fari ta sami 'ya mace. Ran Asabar jaririyar na da kwana uku, tsohuwar da ke mata wanka ta aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da ita. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk laima, garin da sanyi-sanyi. Hajiya ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jaririyar a kan ƙwaurinta tana kwance mata zani.

"'Yar boko, zo ki sirka mana ruwan nan," in ji ta. "Ni hannuna ya ci wuta ya ƙoshi, ko tafasasshe na taɓa sai in ji ɗumi-ɗumi. Naki ne mai laushi, ba abin da ya sani sai ƙwanƙwasa ƙarfe."

Maimuna na zaune a bakin ƙofar ɗaki da kwanon kunun kanwa, ta juya wa 'yar baya saboda kunyar ɗan fari. Ta ce, "Matar Yaya, a bi a hankali, kada farcen ofis ya karye."

"Sha kununki, mai jego," in ji Sailuba.

Ta ɗebo ruwa daga tukunyar da ke kan murhu ta zuba a baho, ta kawo na randa ta ƙara. Ta tsoma yatsu uku kamar yadda kowa yake yi. Ba ta ji zafi ba, ba ta ji sanyi ba. Tururi na tashi, amma a irin wannan safiya ko ruwan ɗumi tururi yake yi. Ta yi tunanin tsoma gwiwar hannu, sai ta ga idon Hajiya a kanta. In ta yi haka za a tambaye ta dalili.

"Ya yi?" in ji Hajiya.

"Ya yi."

"To matso da shi."

Ta kama bakin bahon ta ja. Ruwan ya yi tangaɗi ya fallatso ya taɓa ƙaramin yatsanta. Zafin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa. Ta ɗaga kai ta ga Hajiya ta riga ta cika ƙoƙo, ta yi bismilla, ta kai shi saitin cikin jaririyar.

Bakinta ya kasa buɗewa. Hannu ta kai ta doke ƙoƙon. Ya yi sama ya faɗi can gindin turmi, ruwan ya watsu a zanin Hajiya da ƙafar Sailuba. Jaririyar ta ɗauke numfashi, sannan ta tsala ihu.

Maimuna ta manta da wata kunya. Kwanon kunu ya kife, ta zo ta fizge 'yarta tana jujjuya ta. A cinyar hagu akwai jajayen tabo biyu, kowane kamar ƙwayar wake, inda ɗigon ruwan ya sauka.

"Me na yi miki? Me ta yi miki?" ta ce wa Sailuba.

Hajiya ta sa aka kawo ruwan randa aka riƙa zuba wa wurin har kukan ya lafa. Sannan ta naɗe hannun riga ta taɓa ruwan bahon da gwiwar hannu, ta janye da sauri. Ta kamo hannun Sailuba ta juya shi. Yatsun nan uku sun yi ja wur.

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Wata guda da 'yan kwanaki."

"Wata guda. Kina sane, na tambaye ki, kika ce ya yi."

Sailuba ta tsaya ƙyam. Ba ta sunkuyar da kai ba, don ba ta saba ba, amma hawaye ya zo bai nemi izininta ba.

"Haka Baba ya fara," ta ce.

Duk sun san Malam Aƙilu, sun je gaishe shi yana kwance. Hajiya ta saki hannun a hankali, ta ce a aika gidan wanzami.

"Ba wanda zai tsaga ni, Hajiya. Jibi ranar awo ce, can zan kai shi. Ko me suka ce in ji da kunnena."

Kwana biyun nan ba wanda ya yi mata faɗa, kuma shi ya fi mata ciwo. In ta nufi murhu sai wata ta riga ta. Mustapha ya tambaye ta sau ɗaya me ya hana ta gaya masa, ta ce in ta faɗa da baki gani take ya tabbata.

Ran Litinin ya kai ta asibiti a kan babur. Wata nas mai furfura ta auna jininta, ta sa ta murmusa, ta ɗaga hannuwa sama, ta matse mata yatsu. Ta ƙwanƙwasa mata wuyan hannu, Sailuba ta ji tsirr har kan manuniya.

"Ƙaramin fa?"

"Shi yana ji, Sista."

"To ba shanyewa ba ne. Ruwan da ciki ke tarawa ne ya kumbura miki wuyan hannu, ya danne jijiyar da ke zuwa waɗannan yatsun. Ina ganin irinku kowane mako. Ki ɗaure wurin ya miƙe in za ki kwanta, ki ɗora hannun a kan filo, ki rage bugun nan na ofis. Yawanci in an haihu yakan tafi."

"Yawanci?"

"Yawanci. In bai tafi ba ki dawo, akwai abin da ake yi."

Sailuba ta fito da kalmar nan a ranta, tana ta juya ta har Ƙofar Doka. A gida ta karya rula gida biyu, Mustapha ya ɗaure mata kowane ɓari a wuyan hannu da bandeji.

Ran Laraba aka yi suna, yarinya ta ci Asama'u. Da hantsi mata suka cika ɗaki, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kowa na sa albarka. Tabon cinyar ya dushe. Da aka zo kan Sailuba, matar da ke kusa da ita ta miƙa jaririyar ta gabanta zuwa ga ta gaba, ba ta ko dube ta ba. Ashe labari ya zaga.

Sailuba ta ji ɗan cikinta ya motsa. Ta gyara zama ta miƙe ƙafafu.

"Maimuna," ta ce, yadda kowa zai ji, "hannuna ba ya ji, ban ɓoye ba kuma. Amma cinyata na ji. Ɗora mini ita."

Maimuna ta dubi Hajiya, Hajiya ta dubi bango. Can Maimuna ta tashi ta karɓi 'yar, ta durƙusa ta kwantar da ita a cinyar Sailuba. Sailuba ta zagaye ta da damatsa, yatsun nan uku a miƙe ba su san abin da suke taɓawa ba. Maimuna ta zauna dab da ita, tafinta a ƙarƙashin kan jaririyar, ba ta janye ba.