Rigar da Mama Ba Ta Gama Gogewa Ba

Mama ba ta kallon fuskar ɗan wasa, hannunsa take kallo. Shekara ashirin da biyu tana guga a ɗan shagonmu na ƙarshen layi, talabijin na ɗore a kan kanta kusa da kwalin sitati, kuma babu jarumin da ya taɓa giftawa ta gabanta bai sha suka ba.

"Dubi wannan, wai likita," za ta ce, dutsen guga na huci a hannunta. "Ya riƙe allura kamar mai cire ƙayar kifi." In kuma mace ce ke sharɓar kuka, sai ta taɓe baki. "Ido na zubar da ruwa, yatsu na gyaran gashi. Wa za ta yi wa wayo?"

Ni ce autarta, a gaban wannan alƙalancin na tashi. Shi ya sa da na samu fitowa a fim ɗina na farko, minti shida kacal, sai da na yi wata biyu ban gaya mata ba. Sukar ma da sauƙi. Abin da ke cin raina shi ne na yi mata sata.

Matar da na fito a matsayinta, zuwa ake yi a gaya mata mijinta ya rasu a hanya. Darakta ya so in zube ƙasa in yi ta kururuwa. Na roƙe shi ya ba ni tebur da dutsen guga da farar riga, in gwada wani abu sau ɗaya. Abin da na ga Mama ta yi ke nan ina 'yar shekara tara, ranar da aka kawo labarin Baba: ta ce "to", ta ci gaba da goge rigarsa. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ga shi na kwashe ta na kai gaban duniya, ban nemi izininta ba.

Wata Laraba da la'asar na kunna mata. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a cikin tururi, rigunan mutane na lilo a hankali a kan igiya, shagon duk ya yi lum. Mama ta fara aikinta. Jarumin, in ji ta, tafiyarsa ta wanda takalmi ya matse ce. Uwarsa kuwa ta girme shi da wata uku ne kawai.

Sai na fito a fim ɗin. Ta jingine dutsen guga.

Na kasa kallon ta, na kasa kallon kaina. Tururin nake bi da ido, har na daina bambance wacce ke cikin gilashi da wacce ke tsaye gefena. Na ji kamar ƙamshin man gashin Baba ya ratsa ta tsakanin rigunan ya wuce.

"Mayar baya, Auta," ta ce.

Sau uku muka kalla. Sannan ta juyo gare ni.

"Kin yi kuskure."

"Ki yafe mini, Mama. Da na tambaye ki."

"Ba wannan ba. Ke kin gama gugar, kin ninke, har kin ajiye. Ni ban gama ba." Ta shafa teburin da tafin hannunta. "Hannun rigar na hagu na yi ta gogewa, ina komawa. Na san in na gama, shi ke nan, ba ni da sauran abin da zan yi masa."

Na buɗe baki in tambaye ta ya ta ga wasan, na ji kunyar tambayar. Ta zauna a kan benci, idonta na kan matar da na tsayar a talabijin, kanta a sunkuye kan farar riga.

"Bayan nan, akwai wanda ya zo ya zauna da ita?"

"Babu, Mama. A nan aka yanke."

Ta daɗe tana gyaɗa kai.

"Ni ma babu," ta ce. Ta matsa gefe ta ba ni wuri.