Na Nome Ciyawar Fada

Ina da shekara arba'in da ɗaya bishop ɗinmu ya tura ni Italiya karatun zama fada. Kafin nan mushe ne ni, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Badagishiri. Shekara goma sha bakwai ina tsawata wa yara kan hadda, sai ga ni a benci ɗaya da samarin da na isa haifa, ana haddace Latin. Su dai suna haddacewa. Ni kuwa in kalli takarda, takarda ta kalle ni.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Ƙararrawa ƙarfe shida, addu'ar safe, misa, kofi a ɗan ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba, aji, taliya, aji, addu'ar yamma, taliya kuma. Ranar Asabar kowa da aikin hannu.

Shugaban makarantar, Fada Ottavio, dogo ne mai magana a hankali. Shi zai rubuta wa bishop a ƙarshen Satumba, ko a bar ni in ci gaba ko a mayar da ni gida. Wata Asabar a watan Mayu ya kira ni.

"Baƙo, an ce kai ɗan manomi ne. Filin tsakar gida naka ne, ka kula da shi."

Ya ɗauki jaka ya tafi taro na kwana uku.

Na tsaya na dubi filin. Ƙasa baƙa, mai laushi, amma ciyawa ta cinye ta daga bango zuwa bango. Tausayinsu ya kama ni. A garinmu wanda gonarsa ta yi haka ba ya iya ɗaga kai ranar kasuwa. Na samo fartanya a ɗakin kaya na duƙa. Kwana uku ina noma, 'yan ajinmu suna leƙowa ta taga, na ɗauka sha'awa ce. Na tara ciyawar gefe guda, ina ta tambayar ko akwai mai awaki a unguwar.

Da Fada ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu.

"Ina ciyawar?"

"Na nome ta, Fada. Har saiwa."

"Shekara sittin ana ba ciyawar nan ruwa, ana yi mata aski."

Saura kaɗan in ce shi ya sa ta yi ƙarfi. Allah ya kama mini baki.

"A nan ake cin abincin buɗe shekara, ƙarshen Satumba," in ji shi. "A makon ne zan rubuta takardarka. Latin ɗinka kuma ba zai cika mini layi biyu ba."

Na kira yayata Wasila a waya na ba ta labari. Musulma ce, kamar sauran gidanmu. Da aka yi mini baftisma shekara guda ba ta yi mini magana ba, daga baya ta rasa wanda za ta riƙa yi wa faɗa, ta dawo.

"Tsaya, Baƙo. Haki su ka shibkawa? Da gangan?"

"Da gangan, Yaya."

"Bisashe gare su?"

"Ko akuya babu."

Ta yi dariya har da tari. "Yo taho gida, mushe, allonka na nan. In ce ma mutane an koro ka don ka yi noma."

Na watsa irin ciyawa, ni ɗan Abarshi manomi, da hannun nan nawa. Ya fara tsirowa ke nan zafi ya sauka, ruwan sama ya ɗauke, hukumar garin ta hana ban ruwan ciyawa da famfo. Cikin mako biyu filina ya koma kamar faƙon bayan garinmu.

Da na gan shi haka sai na gane shi. Irin wannan faƙon babanmu ya raya da tassa. Ramuka ne masu faɗin kwano, zurfin tafi guda, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin kowanne. Na haƙa ɗari uku da 'yan kai. Taki na roƙo wajen wani mai dawaki, na turo shi a baro ta gaban coci, ina gaida mutane, ba mai amsawa. Iri kuwa, waken da Yaya Wasila ta ƙulla mini don in riƙa dafawa. Ruwan da aka wanke ganye a kicin nake bi da shi rami rami, gwangwani ɗaya kowanne.

Fada ya zo ya duba. "Baƙo, kaburbura ne?"

"Na takardata ne, Fada, in waken bai fito ba."

A watan Yuli aka yi ruwa sau ɗaya, na minti ashirin. Ko'ina ya bi kwata ya wuce. A filina ya zauna cikin ramuka.

Ranar cin abincin, duk ciyawar garin ta zama kalar buhu, har ta gaban ofishin magajin gari. Tsakar gidanmu kuwa wake ya yaɗu ya rufe ƙasa, kore shar, ga fure, ga kwanso. Aka jera tebura a gefe don kada a taka. Wani tsohon bishop ya tattare rigarsa ya tsuguna yana leƙa rami. Aka ci waken da man zaitun, har ana neman ƙari. Na tsaya da hannu a baya ina yin fuskar tawali'u, wadda ban taɓa iyawa ba.

Washegari Fada ya nuna mini takardar. Layi uku ce. Na farko ya ce Latin ɗina abin addu'a ne. Na biyu ya ce mutumin da ya ɓata abu, bai gudu ba, ya tsaya har ya gyara, ana bukatarsa. Na uku ya ce a bar ni.

Yanzu duk Asabar ina da ɗalibai ashirin da fartanya a bayan makaranta. Wanda ya fi kowa Latin ya tara ƙasarsa ta gefen tudu, ruwa ya kewaye ramin ya wuce. Na sa ya sake sau uku.

Da na gaya wa Yaya Wasila, sai ta ce, "To, ai wakena ne ya ci jarrabawa. Kai mi ka yi?"